Guɗar Ngo Kangyang

Olive ba mai yawan magana ba ce. A gidan tsofaffin da take aiki a Hyattsville, inda take yi wa mutane wanka, ta ba su abinci a baki, ta juya su a kan gado, ba a san ta da komai ba sai "to" da "sannu" da ɗan murmushi. Anti Awawu, 'yar Zangon Kumasi da suke haya ɗaya kuma suke aiki tare, takan ce Allah ya raba surutun gidan nan kashi biyu, sai ita Awawu ta riga zuwa ta kwashe duka.

Uwar Olive kuwa ba haka take ba. Ngo Kangyang ita ce maguɗiyar ƙauyensu, can kan duwatsun Filato. In an ɗaura aure, in an haihu, in zumuntar mata sun ciwo gasar waƙa, in yaro ya dawo daga soja da ƙafafunsa biyu, ita ake nema. Kirista su kira ta, Musulmin bakin kasuwa su aiko mata da goro su kira ta. Takan kama hanci da yatsu, ta ɗaga kai sama, ta rangaɗa guɗa har karnukan ƙauye su amsa. Kuma guɗarta tana da alama. Ta sauran mata takan sauka a hankali ta mutu, ita kuwa tata in ta kai ƙarshe sai ta karye, ta faɗa cikin dariya.

Wata damina 'yan bindiga suka shiga ƙauyen. Olive tana Amurka lokacin. Ngo Kangyang tana cikin waɗanda aka binne a rami ɗaya bayan majami'a. Olive ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Abin da ya rage mata shi ne wani saƙon murya a waya.

Ranar da Olive ta ci jarrabawar aikin kula da tsofaffi aka aiko shi. Jarrabawar ta ba ta wahala, don karatunta bai wuce firamare ba. Da takardar ta fito sai ta ɗauki hotonta ta tura gida. Wata maƙwabciya ta karanta wa tsohuwar. Ngo Kangyang ta karɓi wayar, ta danna, ba ta ce uffan ba, sai guɗa. Dariyar ta fara kenan yatsanta ya saki, saƙon ya yanke. Olive takan kunna shi a jirgin Green Line in za ta aiki, ta manna wayar a kunne don kada wani ya ji.

Wata Lahadi bayan sujada, Baba Kambai ya tashi ya yi sanarwa. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Filato da Kudancin Kaduna na yankin Washington, ma'aikacin jinya ne, dattijo mai furfura wanda ba a ganinsa ba taye. Ya ce ƙungiya za ta sa a yi kundin kiɗa don tunawa da mutanen da aka kashe a ƙauyukan gida, kuma wata gidauniya ta yarda ta ɗauki nauyi. An ba Davou aikin. Davou ɗan Berom ne kamar Olive, amma tun yana goye aka kawo shi Manassas. Kiɗansa ba ganga ba, ba garaya ba, da kwamfuta yake haɗa shi. Baba Kambai ya ce duk mai muryar mamacinsa a waya, ko wani abu da aka ɗauka a ranar hari, ya tura wa yaron.

Olive ta daɗe tana juya abin a ranta. Anti Awawu ce ta tsaya mata a kai.

"Tura mana! Tsohuwar nan ta gaji da zama cikin aljihunki. Bar ta ta sha iska."

Sai ta tura. Rubutu ba ya yi mata daɗi, don haka abin da ta sa a ƙasan saƙon kawai shi ne: Ngo Kangyang, uwata.

Da aikin ya kusa kammala, Davou ya kira waɗanda suka tura muryoyi su zo su saurara kafin ranar ƙaddamarwa. Anti Awawu ta kai Olive a motarta, tana mitar nisan Manassas tun daga ƙofar gida. Situdiyon a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa yake, bango duk an manne shi da soso, ga manyan sifikoki, ga wayoyin lantarki sun kwanta a ƙasa kamar yaɗon kabewa. Mutane suka zazzauna, wasu a kujera, wasu a matakala. Olive ta sami lungu ta raɓe.

Davou yana jin Hausa, amma in zai mayar sai ya bi da Turanci, ya ɗan yayyafa Hausar a kai. Ya gaida manya, ya kunna.

Olive ba ta taɓa jin irin wannan kiɗa da kunnen basira ba. Akwai ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufi, da wani gurnani a ƙasa wanda ba a jinsa da kunne sai da ƙirji. Akwai muryar wani tsoho yana kiran awakinsa, aka maimaita ta har ta zama kamar waƙa. Akwai numfashin wata yarinya da ta ɓuya a gonar masara ta bar wayarta a kunne, harbi yana tashi daga nesa. Mata suka fara share hawaye da bakin zane.

"Wannan na ƙarshe," in ji Davou da Hausarsa mai tsalle-tsalle. "Shi ne zuciyar aikin duka."

Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya kusa ɓacewa. Sai wata murya ta taso, ta mace, doguwa, mai nauyi, tana rawa a hankali kamar wadda ake ja da igiya daga cikin rijiya. Kururuwa ce wadda ba ta ƙarewa. Tsigar jikin Olive ta tashi. Ta ji tausayin matar nan, ko wace ce. Muryar ta yi ta tafiya, sannan can ƙarshe ta karye, ta koma wani irin shaƙewa, kamar mutum yana neman numfashi, sai ta yanke.

A wurin karyewar nan Olive ta gane. Ta ɗaga kai ta dubi allon kwamfutar. An rubuta sunan kiɗan da manyan baƙaƙe: Kukan Ngo Kangyang.

Wata mata ta rungume ta tana cewa, "Wayyo 'yata, ashe har kukanta kina da shi, kika riƙe ke kaɗai." Baba Kambai ya cire tabarau ya goge ido. Olive ta buɗe baki, ta ga idanu sun yi mata yawa, ta rufe.

Sai da suka hau babban titi ta iya magana.

"Anti, ba kuka ba ne."

"Me?"

"Guɗa ce. Ya ja ta ne ta yi tsawo. Abin nan na ƙarshe da kika ji kamar ana shaƙe ta, dariya ce."

Anti Awawu ta taka birki har motar baya ta yi musu hon. "Ei! Saƙon nan da kike ji a jirgi? Shi ne ya mayar haka? Kuma kika zauna kamar an dafa ki?"

"Mutane sun yi yawa."

"Yanzu sun ragu." Ta karkata cikin wani gidan mai, ta juya kan motar.

Sun tarar kowa ya watse, saura Davou yana naɗe wayoyi, da Baba Kambai yana shan shayi a tsaye. Olive ta durƙusa ta gaida dattijon kamar ba yanzu suka rabu ba. Maganar ta ƙi fita, sai ta ciro wayarta, ta kunna saƙon, ta ɗora a kan tebur.

Guɗar ta cika ɗakin, siririya, mai kaifi, mai sauri. Ta karye, dariyar ta leƙo, ta yanke.

Davou ya saki wayar lantarkin da ke hannunsa. Ya sa aka sake kunnawa. Sannan ya dafe kai, ya yi ta bayani da Turanci da sauri. Ya ce saƙon ya shigo masa rana ɗaya da na yarinyar gonar masara, sai ya haɗa su wuri ɗaya. Ya ce ya san guɗa, ya sha jin ta a bikin aure, amma kullum cikin ganguna da hayaniya yake jin ta. Bai taɓa jin ta ita kaɗai tsirara a cikin waya ba, babu gaisuwa, babu magana, daga matar da aka ce an kashe. Shi ya ɗauka ihu ne.

"Sista Olive, yi haƙuri. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ka ji ɗan Kirista da wallahi," in ji Anti Awawu. "Abin ya kai."

Baba Kambai ya ajiye kofinsa a hankali.

"Zauna, 'yata."

Ta zauna a bakin kujera.

"Kuskure ne, na yarda. Amma ki saurare ni. An riga an tura wa gidauniya kundin nan. Matar da ke shugabantarsu ta kira ni tana kuka, ta ce wannan na ƙarshen ne ya hana ta cin abinci. Saboda shi ta gayyato mutane daga ofisoshin Washington, irin mutanen da na tsufa ina ƙwanƙwasa ƙofarsu. Na kai musu hotuna, na kai musu sunaye, su ba ni ruwan gora su raka ni bakin lif. Yau ga abin da ya taɓa su. Ki bari a yi taron. Bayan taro, sai mu gyara a tsakaninmu."

Olive tana kallon yatsun ƙafarta. "Baba, an sa sunanta."

"An sa. Don a san mutum ce, ba lissafi ba."

"Amma ba ta yi kukan nan ba."

Dattijon ya matso da kujerarsa. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, shi ya sa ta fi nauyi. "Ƙanena a gonarsa suka same shi. Ba wanda ya ɗauki muryarsa. Kina tsammani bai yi ihu ba? Uwarki, a daren nan, ta yi kuka ko ba ta yi ba? Ta yi. Duka sun yi. To ƙaryar me muka yi?"

Anti Awawu ta buɗe baki, Olive ta riƙe mata hannu.

"Ban sani ba, Baba. Ba na wurin. Ban san abin da ta yi a daren ba." Ta nuna wayar. "Wannan dai na san shi. Ni ta yi wa."

"Ke ta yi wa, amma yanzu na mutane da yawa ne."

"To a cire sunanta, a cire muryarta."

"Ba ni kaɗai ke yanke magana ba, akwai kwamiti. Kuma lokaci ya ƙure." Ya miƙe ya gyara tayensa. "Ke yarinya ce mai hankali, kowa ya shaida. Kada ki bari a zuga ki." Da ya faɗi haka bai kalli Anti Awawu ba, amma ita ta ji.

"Baba, ni direba ce kawai," in ji ta. "Mai motar ce ba ta son hanyar."

Olive ta dubi Davou. Ya kawar da kai, ya ce zai duba abin da zai iya yi. Yadda ya faɗa, ta san ba abin da zai yi.

Satin nan Olive ba ta kunna saƙon a jirgi ba. Duk lokacin da ta kai hannu, sai ta ji wancan dogon kukan ya riga shi shiga kunnenta. Abin da ya fi ba ta tsoro kenan. 'Yan bindiga sun kashe tsohuwar sau ɗaya, yanzu ga dariyarta ma tana neman zama shaƙewa, har a cikin kan 'yarta. In aka saki kundin, duk wanda ya nemi sunan Ngo Kangyang a duniya abin da zai samu kenan. Jikokinta ma haka za su san ta.

Ita Olive ba ta taɓa yin guɗa ba. Tun tana ƙarama uwarta takan kama mata hanci ta ce, "Buɗe maƙogwaro, ke! Wa zai gaje ni?" Sai ta fizge ta gudu bayan rumbu. Yanzu da safe, in ta shiga wanka, sai ta saki ruwa da ƙarfi, ta kama hanci, ta gwada. Abin da ke fita ba shi da suna.

Anti Awawu ta buga ƙofar banɗakin. "Wa ya shigo mana da zakara mai mura?"

"Anti, don Allah."

"Harshen ne ba kya sakewa. Kin riƙe shi kamar na aro. Ki bari ni in yi miki ranar taron. Mu a Zango guɗa ba a koya mana, da ita ake haifarmu."

Olive ta fito tana goge fuska. "A'a. Uwata ce."

"To fa. Yau kuma bebiya ta yi magana."

Ranar Asabar da rana aka yi taron, a zauren wata majami'a a Alexandria. Matan zumunta sun sha anko, sun jera a gaba. A bayansu baƙi ne masu kwat, farare da baƙaƙe, kowa da ɗan katin suna a ƙirji. An kawo gwate da ƙosai an rufe a gefe sai an tashi. Anti Awawu ta zo da mayafinta ruwan goro, ta zauna daram a tsakiyar zaure, ta jawo Olive kusa da ita. Davou yana kan dandamali bayan na'urorinsa, bai ɗago ya nemi idon kowa ba.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka fara kiɗa. Ruwan sama ya sauka a kan kwano. Tsohon ya kira awakinsa. Yarinyar ta yi numfashi a cikin masara. Olive ba ta jin ko ɗaya, na ƙarshen kawai take jira.

Baba Kambai ya karɓi makirufo kafin na ƙarshe. Ya yi magana da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa. Ya ce abin da za su ji yanzu muryar wata uwa ce daga Filato, Ngo Kangyang, kuma kukanta kukan dukan iyayenmu ne. Olive ta lura bai ce a daren aka ɗauka ba. Ya zaɓi kalmominsa kamar mai tsallake taɓo. Amma ya ce kuka.

Kiɗan ya yi ƙasa. Doguwar muryar ta taso. Wata Baturiya a layin gaba ta rufe baki da hannu.

Olive ta miƙe.

Kawuna suka juyo. Ta kama hanci da yatsu, ta ɗaga kai, ta buɗe maƙogwaro. Abin da ya fito gajere ne, a shaƙe, ya mutu a hanya. Wani ya yi tsaki. Wata daga cikin matan zumunta ta ce, "Ku riƙe ta, 'yar marigayiyar ce, abin ya taɓa ta." Baba Kambai ya sauke makirufo ya ce da ita a hankali, amma kowa ya ji, "Olive, 'yata, zauna."

Duk rayuwarta in babba ya ce zauna, zama take yi. Ta ji gwiwoyinta sun fara lanƙwasa da kansu. A sifika kuwa uwarta tana ta wannan kukan da ba nata ba, ana jan ta, ana jan ta, an kusa kaiwa wurin dariyar.

Ta ja numfashi har cikinta. Ta saki harshen.

Ayyururui!

Ba ta yi kyau ba. Ta karkace, ta yi tsatsa, amma guɗa ce, duk wanda aka haifa a gida ya san guɗa ce. Ta ratsa ta kan kiɗan kamar an yaga sabon yadi. Kafin ta sauka Anti Awawu ta miƙe, ta yar da mayafi a kafaɗa, ta ɗora tata a kai, irin ta Zango mai ƙarfi da ke sa gilashin taga rawa.

Zauren ya rikice. Masu kwat suna kallon juna, ba su san ko wannan ma cikin shirin yake ba. Matan zumunta suka daskare, don wa ke guɗa a taron makoki? Sai wata tsohuwa a cikinsu, Mama Debbie, wadda ta yi zaman aure kusa da ƙauyen su Olive, ta karkata kunne wajen sifika. Ta saurari muryar da ke ciki, ta saurari ta Olive. Ta dafa ƙirji.

"Yesu! Ai Kangyang guɗa take yi!"

Davou ya ɗago kai. Ya dubi Baba Kambai, ya dubi Olive da ke tsaye tana haki, hannunta har yanzu a hanci. Sannan ya kai yatsa kan na'urar, ya mayar da muryar zuwa farkonta, ya fara tura wani ɗan maɓalli sama a hankali.

Kowa ya ji abin da ya faru da kunnensa. Dogon kukan ya fara gajarta. Nauyin ya ragu, muryar ta hau, ta hau, rawar da take yi a hankali ta koma kaɗawar harshe. Kamar mace ce ta tashi daga kwance, ta zauna, ta miƙe tsaye. Davou ya kashe duk sauran kiɗan. Ngo Kangyang ta rage ita kaɗai a zauren, tana rangaɗa guɗa da iya ƙarfinta. Ta kai ƙarshe, ta karye, ta fara dariya, sai ta yanke.

Idanu suka koma kan Olive.

Olive ba ta je dandamali ba. Daga inda take tsaye ta yi magana, da Hausa. Davou ya jawo makirufonsa yana juya wa baƙi da Turanci.

"Wannan uwata ce. Ba kuka take yi ba. Guɗa ce, ta murna. Ranar da na ci jarrabawa ta yi mini. Ita ke yi wa duk garinmu. Kirista da Musulmi. In kun ji daɗi ita za ta faɗa wa duniya. Wannan matar suka kashe. Ita nake so ku sani."

Ta tsaya kamar akwai saura, ta ga babu, sai ta zauna.

Mama Debbie ce ta fara. Ta miƙe da ƙyar, ta kama hanci, hawaye na bin kumatunta, ta yi guɗa da tsohuwar muryarta. Na kusa da ita ta karɓa. Ba duka suka yi ba. Wasu sun zauna sun haɗe rai, suna ganin an keta mutuncin matattu a gaban baƙi. Wani dattijo ya ɗauki hularsa ya fita. Baturiyar layin gaba tana kuka, amma Olive ba ta san ko na me ba ne, kuma ba ta damu ta sani ba.

Bayan an tashi, ana cin gwate, ta hango Baba Kambai shi kaɗai yana naɗe kujeru. Da ta ga dama da ta bi ta ɗaya ƙofar. Sai ta je ta durƙusa.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya ci gaba da naɗe kujerar da ke hannunsa. "Kin yi abin da kika ga dama."

"Na yi, Baba."

"In mutanen nan suka koma ofis suka ce ashe biki muka kira su, ke za ki amsa wa ƙauyukan nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki sani ba." Ya jingina kujerar da bango. Ya daɗe yana kallon wajen baƙin, waɗanda suka kewaye Mama Debbie tana nuna musu yadda ake kama hanci. "Ba ki ba ni haƙuri ba."

"A'a, Baba."

Ya dube ta sosai, kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya ɗauki wata kujerar. "Ƙanena fito yake yi," in ji shi, ba da ita yake ba sosai. "Tun daga gona ake jin sa. Ba wanda ya ɗauka." Ya wuce da kujerar.

Davou ya same su a wajen ajiye motoci, kwamfutarsa a buɗe a hannu. Ya ce kwamiti za su ci shi ɗanye, amma aikinsa ne, ba zai saki kundin da wancan sunan ba. Zai bar muryar yadda take, ya gina kiɗan a ƙarƙashinta. Ya juyo da allon. "Sista, duba. Daidai?"

Olive ta karanta a hankali, tana bi da yatsa. Ya rubuta: Gudar Ngo Kangyang.

"Ba haka ba ne."

"Kuma?"

"Wannan guda ka rubuta. Guda ɗaya, kamar ana ƙirga ƙwai. Guɗa da ƙugiya take."

"Wace ƙugiya? Babu wannan harafin a kwamfutata."

"Ei, ɗan Manassas!" in ji Anti Awawu daga cikin mota. "Na'ura cike da ɗaki, harafi ɗaya ya gagare ka. Ka mai da guɗa kuka, yanzu kuma za ka mai da ita ƙwai."

Davou ya yi dariya yana sosa ƙeya. Ya ce zai gyara in ya koma gida.

"A'a," in ji Olive. Muryarta ta dushe, maƙogwaronta kamar an goga masa barkono. "Yanzu."

Ta ciro wayarta, ta nemo harafin, ta tura masa shi kaɗai. Ya kwafa ya saka. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta ga ƙugiyar ta zauna a inda ya kamata, sannan ta buɗe ƙofar mota.

Anti Awawu ta tayar da injin. "Amma fa gaskiya, ƙanwata, guɗar nan taki tana bukatar asibiti."

"Na sani."

"Auren ɗan yayata yana nan tafe a Hyattsville. Kada ki je ki kunyata ni."

Olive ta ɗaura bel. Ta ciro wayar, ta nemo saƙon, ta ɗaga ta za ta manna a kunne kamar kullum. Sai ta fasa. Ta ƙure ƙarar, ta ɗora wayar a gaban mota, ta sauke gilashi.